Fiffiken Agwagwa Mai Lamba Sha Bakwai

Tun da aka kafa gwamnati a tsibirin Chiloé, mutum ɗaya na sani da ya fi ƙarfin dokar tsabtar abinci, har hukuma ta ba shi takarda mai hatimi biyu tana shaidar haka. Mutumin nan maƙwabciyata ce, Doña Eduvina Cárcamo, mai maniƙar ruwa ta cikin kwari. Sai dai ba ita ta nemi takardar ba, kuma ranar da aka kawo mata sai da ta goge ta da tsumma kafin ta karanta.

Shekara goma sha tara ta yi a kamfanin kifi, inda ake wanke hannu har gwiwa kafin a taɓa ko wutsiya. Ta dawo gida da ciwon baya da wata irin ƙyama da ba ta jin magani. Ko cokalin gidanka ka miƙa mata sai ta ɗaga shi ta duba a haske. Da mahaifinta ya rasu ya bar mata maniƙar, ɗakin katako ne a kan rafi da duwatsu biyu da ruwa ke juyawa. Tana niƙa soyayyiyar alkama ta kai kasuwar Lahadi. Garin nan shi ake damawa da ruwa da zuma a ba yara kafin su tafi makaranta.

A wurinmu kowa ya san yadda ake riƙe maniƙa. Duk shekara bayan girbi sai a kira gayya, a ɗaga dutsen sama, a wanke ɗakin da tafasasshen ruwa da toka, a cire katakon da ya ruɓe. A yanka agwagwa a ci, a shanya fiffikenta, shi ne tsintsiyar share gari daga bakin dutse har shekara ta zagayo. Tsohon fiffike wuta ake jefa shi. Guda ɗaya tak Doña Eduvina ta bari a rataye jikin ƙusa, wanda mahaifinta ya yi aiki da shi a shekararsa ta ƙarshe. Ba ta share komai da shi. Kallonsa kawai take yi.

Wata Litinin duba-gari ya zo, Don Aliro Mansilla, da sabuwar ƙa'ida: duk mai sayar da gari sai ya sa tayil a ƙasa da bango, da wurin wanke hannu na ƙarfe. Ɗakin da ke tsaye a kan turaku huɗu bisa rafi, in aka ɗora masa tayil, washegari a teku za a neme shi. Don Aliro ya san haka. Ya ba ta wata shida.

Ƙanenta Rudelindo, wanda bai taɓa ƙarasa aiki ba amma ya san ƙofar kowane ofis, shi ya gano mafita. Tsohuwar maniƙa in aka yi mata rajista cikin kayan tarihi, ƙa'idar ba ta hau kanta ba, muddin an bar ta yadda aka same ta.

Jami'ar kayan tarihi, Señorita Maribel Oyarzún, ta zo rajista ne a lokacin da Doña Eduvina ta ƙetare teku wurin 'yarta da ta haihu. Sati bakwai makulli yana hannun Rudelindo. Don haka abin da aka samu shi aka rubuta, abu arba'in da biyu, kowanne da hotonsa. Saƙar gizo ta saman mazubin alkama ta shiga hoto. Tagar da ba ta da murfi ta zama "hanyar iska ta asali". Ramin da ke gindin bango, wanda ɓeraye suka yi da haƙoransu a watan da ya wuce, ya samu lamba talatin da ɗaya. Sabon fiffiken kuwa, Rudelindo ya bari kare ya ɗauke, saboda haka na jikin ƙusa ne ya zama lamba sha bakwai: "tsintsiyar gargajiya da ake aiki da ita".

Doña Eduvina ta karanta takardar har ƙarshe a tsaye.

Ta ce, "Rudelindo, fiffiken Baba ka ce mata da shi nake shara?"

"Yaya, tambayata ta yi ko tsoho ne. Na ce tsoho ne. Ƙarya na yi?"

"Shekararsa tara. Ƙwari sun haihu a ciki, jikokinsu ma sun yi aure."

"To ai shi ya sa ta so shi. Ke dai ki gode mini, na cece ki daga tayil."

"Kai da ko wuyanka ba ka ceta daga dauɗa ba."

Daga nan motar baƙi 'yan yawon buɗe ido ta fara zuwa duk Asabar. Takarda ta ce a gabansu za a niƙa, a share da abin da aka yi wa rajista. Na tsaya na gani sau ɗaya, ban koma ba. Doña Eduvina tana jan fiffiken a bakin dutse, wani baƙin ɓurɓushi yana zuba cikin garin, wasu daga cikin ɓurɓushin suna tafiya da ƙafarsu. Wani baƙo mai tabarau ya dangwala yatsa ya lasa, ya lumshe ido, ya ce wa matarsa irin wannan ɗanɗanon ba a samunsa a kanti. Gaskiya ya faɗa.

Bayan sun tafi takan tankaɗe garin sau uku. Ta toshe ramin da gwangwani, ta sa raga a taga. Señorita Maribel ta zo zagaye, cikin ladabi ƙwarai ta ce a cire.

"Doña Eduvina, kakanki ya san raga?"

"Kakana ya san wanka, señorita."

"Na fahimce ki. Ki rubuto neman izini."

Ta rubuta, har da neman izinin gayya. Girbi biyu suka wuce ba amsa. Katakon ƙasa ya yi laushi, ɗakin ya fara warin da kan riga mutum isa hanya.

Sai ta yi abin da ban taɓa jin wani ɗan kasuwa ya yi ba. Ta zuba abin da ya rage a rariya cikin kwalba, ta hau mota zuwa birni, ta dire a teburin duba-gari.

"Don Aliro, ka zo ka kama ni."

Ya ɗaga kwalbar, ya mayar, ya goge hannu a wando. "Wannan kashin ɓera ne."

"Na ɓeran gwamnati, mai lamba talatin da ɗaya."

"Doña, ko na so ba ni da takardar da zan rubuta ki a kai. Ke tarihi ce. Ni abinci nake dubawa."

"Yara suna sha."

"Yara suna shan tarihi," in ji shi, ya tura mata kwalbar da bakin biro.

Abin da ya ƙarasa ta ƙarami ne. 'Yarta ta zo hutu da 'yar da ta haifa, aka ce a dama wa yarinya gari. Doña Eduvina ta tsinci kanta tana cewa gari ya ƙare, alhali buhu uku na Lahadi suna jingine a bayanta. A ranar ta leƙo ta shingena ta ce, "Malam, Asabar akwai gayya. Ka zo da bokiti, ka bar ra'ayinka a gida."

Ta san abin da zai biyo baya, mu ma mun sani. Mu goma sha ɗaya muka je. Rudelindo ya zo daidai lokacin cin agwagwa. Abin da muka tarar a ƙarƙashin dutsen sama ba zan rubuta shi ba, na dai ga mazan da ke fasa cikin kifi kullum sun fita shan iska. Muka wanke, muka canza katako bakwai, muka toshe ramin da siminti. Tsohon fiffiken ta riƙe shi a kan wuta na ɗan lokaci, sannan ta fasa, ta ɗaure shi cikin leda biyu ta aika wa Señorita Maribel.

Aka soke rajistar cikin sati ɗaya, wanda ya nuna ofishin yana iya sauri. Kwana tara bayan haka Don Aliro ya iso, yanzu da takardar da zai rubuta ta a kai. Ya duba kowace kusurwa bai samu ko ƙura ba, ya ɗebi gari don gwaji, ya manna takardar rufewa a ƙofa saboda babu tayil. Sakamakon gwajin ya zo bayan wata biyu, ya ce garin ba shi da aibu.

Doña Eduvina ta koma kamfanin kifi, tana koya wa sababbin ma'aikata wanke hannu. Fiffiken yana gidan tarihi na birni cikin akwatin gilashi. Sau biyu a shekara ake yi masa feshin maganin ƙwari.