Askin da bai ƙarasa ba

Mun haɗu ne a bayan kamiyo, babbar motar soja, ranar da aka kwashe mu daga Maradi zuwa gabas. Ni ɗan Sabon Garin Maradi, shi ɗan Tsibiri. Da ya ji haka sai ya matsa mini wuri kusa da shi, ya ce tun da gulbi ɗaya muka sha, to ni ƙanensa ne, ko da na girme shi da shekara biyu. Ban yi gardama ba, tafiyar da nisa.

Ɗan wanzami ne. Ya gudu daga sana'ar gidansu ya shiga soja, sai ga shi sana'ar ta biyo shi. Cikin jakarsa akwai aska guda, naɗe cikin tsumma, wadda ubansa ya cusa masa ranar tafiya. Kafin wata biyu duk kawunanmu sun bi ta hannunsa, har na kapitan. Yana aski yana surutu: farashin hatsi, rashin kirkin mai dafa mana wake, wata yarinya ta Jiratawa da ke kai zogala kasuwa, wadda bai taɓa samun ƙarfin halin yi wa magana ba. In ka motsa sai ya danne maka kai da babban yatsa.

"Zamna tsam, ɗan birni. Kunnen naka ne, ba nawa ba."

Shekara uku muka yi a can. Yashi, sauro, jira. Mafi yawan aikin soja jira ne, ba wanda ya gaya mana haka.

Ranar wata Laraba da hantsi ina zaune bisa jarka, ya aske mini rabin kai, aka busa usur. An tare 'yan uwanmu a hanyar ɗebo ruwa. Ya goge askar a cinyarsa, ya ce, "Bari mu dawo in ida maka." Na kifa hular ƙarfe a kan sauran sabulu, muka hau mota.

Ba zan iya ba da labarin faɗan yadda mutane ke so ba. Ƙura ce da ƙara. Na san yana damana, sai kuma na duba na gan shi zaune, ya jingina da taya kamar wanda ya gaji. A wuya harsashi ya same shi. Na danne wurin da hannu ina kiransa, yana kallona kamar zai tambaye ni wani abu. Bai tambaya ba. Kafin la'asar mun rufe shi, da shi da wasu biyu, a gindin wata aduwa.

Da yake ni ne na kusa da garinsu, ni aka ba permisiyo, ɗan hutu, in kai kayansa. Kwana takwas tsakani. Duk kwanakin nan ban bar kowa ya taɓa mini kai ba, ban kuma san dalili ba. Hula kawai nake ja.

Na hau kabu-kabu daga Maradi zuwa Tsibiri da jakar a cinyata. Saƙo ya riga ni isa, an ma share makoki. Na tarar da uban a zaure, tsoho siriri, shi kaɗai. Na durƙusa na yi gaisuwa, na tura jakar gabansa. Ya buɗe, ya ture kaki da takalma, ya ɗauko askar. Ya gwada kaifinta a farce.

"Yana wasa ta," in ji shi. "To, madalla."

Ya tambaye ni ko an yi masa salla, na ce an yi. Ko ya jima yana wahala, na ce a'a. Zufa ta dame ni, na cire hula ban yi tunani ba. Tsohon ya ƙura wa kaina ido, ya jima.

"Wa ya yi maka wanga aiki?"

"Shi ne, Baba."

"Na sani. Daga hagu ya faro. Na yi hwaɗa har na gaji, bai bari ba." Ya juya ya kira a kawo ruwa a ƙwarya. "Matso, ɗana. Ba a yawo haka."

Na zauna a gabansa. Ya jiƙa mini kai, ya ɗora askar daga inda ɗansa ya tsaya. Daga cikin gida ina jin ana daka, a daina, a sake. Da ya gama ya zuba ragowar ruwan a ƙasa, ya ce in gaida mutanenmu.

Na koma gabas na ƙara shekara huɗu, sannan na aje kaki. Yanzu gadin wata mangaza, ɗakin ajiyar kaya, nake a unguwar Zariya nan Maradi, gwiwoyina ba su son tsayuwa. Da farko duk salla nakan je Tsibiri in gaida tsohon. Daga baya ta koma shekara-shekara. Da ya rasu, sai bayan sati biyu na ji, a bakin wani mai kawo gero. Na je na yi gaisuwa, waɗanda na tarar a zauren ba su san ni ba. Suka tambayi ko daga ina, na ce daga Maradi, abokin ɗansa ne. Aka ce wanne daga ciki. Na faɗa, suka ce Allah ya jiƙansa, aka kawo mini ruwa na sha, na nemi abin hawa tun rana ba ta yi zafi ba.