Lanƙwasar da Ban Gani Ba

A 'yan shekarun baya, bayan na ajiye aikin koyarwa na koma gida Kurfi, autata ta zo daga Dutsin-Ma da kwamfutarta. Sana'arta gina shafukan intanet na hukumomi, wato ɓangaren da jama'a ke gani suna dannawa, kuma ta ƙware wajen tsara su yadda makaho da tsoho da mai rawar hannu za su iya amfani da su. A lokacin tana haɗa shafin da marasa lafiya za su riƙa neman ranar ganin likita, sai ta roƙe ni in duba mata Hausar.

Ni kuwa a makarantar mishan aka hore ni, inda mantuwa da ɗigo ɗaya kan sa yaro ya sake rubuta shafi sukutum. Na zauna a zaure na karanta, na jera kurakurai a takarda. Ko'ina "kafa" a maimakon "ƙafa", "kashi" a maimakon "ƙashi".

Na ce, "Ke! Mutum ƙashinsa ke ciwo, ki tura shi gaban likita da zancen kashi? Haka na koya miki?"

Ba ta yi musu ba. Ta danna wani wuri, rubutun ya ƙara girma. Kowane harafi na nan da lanƙwasarsa, babu ko ɗaya da ta bari.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ganina ya daɗe da dushewa. Na ɓoye ne don tsoron kada a daina kawo mini wasiƙu da jawabai in gyara, domin shi ne ragowar aikin da nake ji da shi. Ga shi kuma da hannuna na rubuta shaidar da ta tona ni.

Ta ce, "Baba, ba ni takardar nan. Ita nake nema."

"Ba ki ga kuskuren nawa ne ba?"

"Idan kai ba ka ga lanƙwasar ba, ina tsohuwa 'yar ƙauyen Birchi mai ƙaramar waya za ta gan ta a tsakiyar rana? Laifin harafin ne."

Nan take ta sauya zubin haruffan, ta mai da launinsu daga ruwan toka zuwa baƙi, tana tambayata, "Yanzu fa?" ina cewa, "Da saura." Ba ta ƙosa ba, kuma ba ta yarda da "ya yi dama-dama" ba, har sai da na karanta shafin duka babu tuntuɓe. Ban taɓa ganin mai tsanani a kan aiki kamarta ba, amma tsananin nata a kan aikin ya tsaya, bai taɓa mai karatu ba.

Daga nan na daure na ce, "Idona ya yi rauni."

Ta ce, "Ai mun sani, Baba. Tun ranar da ka wuce allon mai shayin bakin tasha ba ka tsaya yi masa faɗa kan kuskuren rubutunsa ba."

An yi mini aikin ido daga baya, kuma har yau ana kawo mini rubutu. Sai dai nakan tuna yaran da ke zama a bencin baya, waɗanda na sha dukan tafin hannunsu don sun kwafi allo ba daidai ba. Ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu ko yana hango allon ba.