Gambar Manu da Dashen Ƴan Furoje

Manu makiyayi ne. A gefen wani tabki kusa da Tibiri aka haife shi, a nan kuma gemunsa ya yi fari. Tun yana saurayi ya lura ruwan damina na kwaso yashi yana cike tabkin da shanunsa ke sha. Bai kai kuka ko'ina ba. Kowace shekara sai ya saro tushen gamba ya dasa a bakin gaɓa, ya kewaye da ƙaya, don ciyawar ta riƙe ƙasa. Shekara arba'in yana wannan wahala, ko sannu ba wanda ya ce masa.

Bara sai ga motoci daga Dogon Dutsi, wai ƴan furoje ne, ma'aikatan wani shirin raya karkara, sun zo ceton tabki. Suka sa aka nome gambar Manu kakaf, wai ta ɓata musu wurin ɗaukar hoto. Aka jera dashen itatuwa ɗari biyu, aka tafa, aka sha lemo, aka watse.

Damina na ɗaukewa, duk suka bushe. Manu ya tuge ɗaya, sai ga saiwar dunƙule cikin baƙar ledar da aka raino dashen a ciki, ko yaga ta ba a yi ba. Ya tuge na biyu, haka nan. Ya tofar da yawu.

"Tir! Wanda bai san a cire wa icce leda ba, shi ne zai ceci tabki?"

Kwana huɗu ya yi yana tono ledojin, kada shanu su haɗiye. Ruwan farko na bana ya zuba yashi cikin tabki ba abin da ya tare shi. Cikin duk abin da suka dasa, allon ƙarfe mai sunayensu ne kaɗai ya kama ƙasa.