Akushin da Kaka ke auna mutane

A shekarar da famfon unguwarmu ya fara kawo ruwan madatsar Gubi ne Kaka ya hana Baffa izini. Lokacin ban fi shekara goma ba. Har yau in na ji ƙamshin man shanu a kan miyar kuka, zauren gidanmu na Ƙofar Ran nake gani, da baƙin akushin da ake ajiyewa a tsakiyarsa.

Kaka malamin ɗarika ne. Yana riƙe da wasu wuridai da sunayen Allah da ya karɓa baki da baki daga malaminsa, ba a rubuta su, ba a kuma aiki da su sai da izini. Yakan ce da ƙasa da ruwa da iska da wuta aka gina ɗan Adam, kowa da wadda ta rinjaye shi. Wanda wuta ta rinjaya, in ka ba shi asiri ko mulki, kai ka ƙona garin.

Ka san yadda yake gane mutum? Ba ya buga ƙasa. Tuwo yake sa a kawo. Duk mai neman addu'ar sarauta ko kujera sai ya wanke hannu ya zauna cikin mutane. Akan ɗora tsoka guda a tsakiya, Kaka ya yi ta hira, idonsa na kan yatsu. Wanda ya ci gabansa ya bar na wasu, ya samu addu'a. Wanda ya riƙa haƙa ta ƙasa har naman ya gangaro wajensa, a raka shi ƙofa da fatan alheri. A ganin Kaka, wanda bai iya zama da mutum huɗu a kan akushi ba, ba zai iya riƙe unguwa ba.

Baffa, babban ɗansa, ya san gwajin sarai. Damina guda ya yi yana cin loma uku a zaure ya tsame hannu. Amma in ya shigo cikin gida, kan kwanonmu na yara yake tsugunawa, ya ɗauke naman yana dariya. Ranar da ya nemi izini a gaban manyan gida, Kaka ya kira ni, ya tambaye ni wa ke cin namanmu. Na faɗa.

"A gabana kana azumi, a kwanon yara kake buɗe baki," in ji Kaka.

Baffa ya ce, "Malam, ni ne babba. In ba ni ba, wa za ka ba?"

Kaka ya ce, "In ban samu wanda ya dace ba, sai in tafi da abina."

Daga baya Kaka ya dafa kaina ya ce in yi haƙuri sai gemu ya fito mini, sannan a yi maganar izini. Bai ga kakar gero ta gaba ba.

Kafin sadakar arba'in Baffa ya hau buzun Kaka, ya ce an ba shi izinin a mafarki. Manyan gida duk sun ji abin da aka faɗa a zaure, amma babu wanda ya ƙaryata shi. Tun daga nan, duk zaɓe motocin manyan unguwar GRA sai sun toshe lungunmu. An daina kawo tuwo. Wanda ya shigo da babbar riga, an gama auna shi.

Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Abu na farko da na haɗa baƙaƙensa da kaina a kan hanya shi ne allon da ɗan Baffa ya kafa a ƙofar gidanmu, wai shi ne magajin asirin Malam, ana taimako kan zaɓe da muƙami. Na karanta na sake karantawa. Ni mai haƙuri ne, amma wannan ƙarya ce a kan mamaci. Wani lokaci har Kakan nake jin haushi, da ya bar mu hannu wofi. Sai in dubi waɗanda ake yi wa addu'a a zauren yanzu, in dubi famfon nan da ya bushe, in gane gaskiyarsa.

Ga abin da ya tafi. Akushi ɗaya, yau kaji ake zuba wa dusa a ciki. Zaure ɗaya. Sunaye da ban san adadinsu ba. Da mutum ɗaya da ke iya ce wa mai neman kujera ya tashi ya tafi.