Yaya Sale da Tsutsar Cikin Ganye

Duk wanda ya san Yaya Sale a Balan ya san ba ya wuce ganye. Kuna tafiya zai tsaya, ya tsinko na kuɓewa ko na rama, ya ɗaga wa rana ya kanne ido ɗaya. Abin da yake dubawa wani siririn farin zane ne mai lanƙwasa, da 'yar tsutsa a ƙarshensa.

"Dubi ikon Allah!" haka yake ce mini, ni ƙaninsa. "Ganye duk rashin kaurinsa, ta shiga tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Nan ɗakinta, nan tuwonta!"

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya ga abin da take zama in ta fito.

Shekarar da malamin gona ya zo daga Gaya da maganin feshi, Yaya ya tare kunya ɗaya ta auduga da hannu biyu.

"Wannan kuma fa, Baba?"

"Akwai baƙi a ciki."

"Su ne fa muke kashewa!"

"To je ka kashe na maƙwabta, nawa ba su gama cin abinci ba."

Har Fulani bai bari ba. Abokinsa Jauro na Toranke zai tafi Kudu da shanu, ya tambaye shi tsarabar da yake so. Goro? A'a, ganye! Bayan wata biyar Jauro ya kwance masa ƙunshin busasshen ganyen kuɓewa, ga zanen nan sak irin na bayan gidanmu. Yaya ya ɗaga wa rana, sannan ya ce, "Ni da ƙafa biyu da keke ban wuce Ajingi ba. Wa ya kai ta can?" Muka yi dariya, amma wallahi tsikar jikina ta tashi.

Sai ya koma kiwon tsutsotsin a ƙwarya, ya rufe da ƙyalle. Wata shekara ganyen ya bushe, wata kiyashi su cinye. Sau ɗaya kuwa matarsa Hansai ta tarar da rama shar a ƙwarya, ta dafa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

"Hansai! Ina baƙina?"

"Malam, ba kai ka ce a ƙaro ba?"

Kwana biyu bai ci kwaɗo ba. Rana ta uku ya ce ai sun riga sun zama 'yan gida.

Ana haka sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Daminarsa ta ƙarshe a duniya da yatsa yake laluben zanen. Wata safiya ina wurin Hansai ta ɗaga ƙyallen, sai ta yi salati.

"Malam, ya fito!"

"Yaya yake? Faɗa mini a hankali."

"Ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Fiffikensa da geza, da fararen ratsi biyu. Kai, Malam, kyakkyawa ne!"

Matar da ta shekara goma tana mita, ga ta tana hawaye. Ya miƙa tafin hannu, ta karkata ƙwaryar, ƙwaron ya taka shi ya tashi.

"Na ji ƙafarsa," ya ce. "Alhamdulillahi."

Allah, Kai da Ka ciyar da tsutsa a tsakanin fata biyu na ganye, Ka yalwata wa Yaya kabarinsa, Ka buɗe masa ido ya gani.