Kwali Tara na Baturen Beljiyam

Ƙanina ya ci amanata a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma ba zan manta da ranar ba har in koma ga Ubangijina. Muna gaisawa, ina zuwa sunan jikokinsa, amma shi da kansa ya san akwai maganar da ban sauke ba.

Ni ban shiga aji ba sai da na haura arba'in. Ina yarinya ni ce mai ɗaukar farantin tallan mahaifiyarmu, da ribar wannan tallan aka saya wa ƙanina littattafai har ya gama jami'a. Da na girma na zama 'yar kasuwa, na gaji da miƙa wa mutane rasit su karanta mini, sai na shiga makarantar manyan mata ta unguwarmu a Kano. Tun daga ranar da baƙi ya buɗe mini, ko takardar ƙunshin ƙosai na gani sai na karanta.

A wannan halin na haɗu da wani tsoho. Na dawo daga sarin takalma a kasuwar Zhanxi, na zauna a wani gidan abinci a titin Huanshi ina bin wani ɗan littafi da yatsa, sai na ji an ce, "Hajiya, labarin da daɗi kuwa?" Na ɗaga kai na ga Bature tsoho da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, yana Hausa irin ta mutanen Damagaram. Na ce, "Kai kuma wa ya koya maka?" Ya ce matan kasuwa, shi ya sa ya fi iya zagi. Na yi dariya har na ƙware.

Ɗan Beljiyam ne. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a Nijar, daga nan ya koma gida ya shafe rayuwarsa yana kula da ɗakin karatu na wata jami'a. Albashinsa kuwa a tara littattafai ya ƙare, musamman na harsunanmu. Da matarsa ta rasu ya ba da mafi yawansu, ya biyo 'yarsa da ke aiki a Guangzhou da waɗanda ya kasa rabuwa da su. Duk zuwan da na yi sai na kai masa yaji da kilishi, shi kuma ya buɗe mini kabad. Akwai littattafan koyon karatu na tun kafin a haife ni, akwai ƙamus, akwai waƙoƙin ajami na rubutun hannu a cikin gafaka. Kowane littafi yana da ɗan katinsa, ya rubuta sunansa da inda ya same shi, ya jera katunan a akwatin katako. Ba ya yarda in lasa yatsa in buɗe shafi. Sai ya ce, "Hajiya, ba kuɗi kike ƙirgawa ba."

A zuwan da abin ya faru, na tarar idonsa ya kusa tafiya. Ya ce mini littafin da ba a karantawa gawa ne, shi kuma ba ya son ya mutu yana gadin maƙabarta. Ya tambaye ni ko makarantarmu tana da ɗakin karatu. Na ce muna da allo da tabarma. Ya ce to daga yau muna da shi. Da hannunsa ya shirya su, kwali tara, ya miƙa mini akwatin katunan ya ce wannan kada ya bar jikina.

Ƙanina ejan ne a can, shi ke haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena guda, kowa da gurbin da ya kama. Na kai kwalayen sito da kaina, na rage takalmana don su samu wuri, na rubuta sunana a kowanne da babban baƙi. Na ce masa, "Alhaji, waɗannan amana ce." Ya ce, "Haba Yaya, kamar a Kano suke."

Ranar lodi ina asibitin haƙori. Da la'asar na isa sito, motar ta riga ta kama hanyar tashar jiragen ruwa ta Nansha. Na ce a ba ni takardar lodi. Da can da sai in karɓa in cusa a jaka, amma yanzu ina karatu. Na bi layi-layi, ban ga kwali tara ba, sai na ga silifas na wani Alhaji da bai kama gurbi ba.

Na ce, "Ina littattafan?"

Ƙanina ya sosa ƙeya. "Yaya, wuri ne ya ƙure. Mutumin nan babban kwastoma ne."

"Na ce ina suke?"

"An fitar da su bakin ƙofa, sai lodi na gaba."

Na san bakin ƙofar nan, shi ma ya sani. A siton nan duk abin da aka bari a waje bayan mota ta tashi shara ne. Akwai masu yawo da keke mai ƙafa uku suna kwashe kwali da takarda, su kai inda ake auna su a matse su a inji. Na fita da gudu, wurin fes kamar an lashe. Na tambayi mai gadi, ya kaɗa hannu ya ce "meiyo", wato babu.

Abin da ƙanina ya faɗa daga nan shi ne bai bar zuciyata ba har yau. Ya ce, "Tsofaffin takardu ne fa, Yaya. Tsakani da Allah, matan makarantarku wa zai karanta ƙamus? Ki ce wa Baturen sun tafi, ai ba gani yake ba."

Na dube shi, mutumin da na yi wa talla a rana. Na ce, "Ni zan karanta. Ni da na yi yawo da faranti don kai ka riƙe biro. Ashe takardar shaida kawai muka saya maka, ba ilimi ba." Ya ce in rage murya, Sinawa na kallo. Na ce su kalla, su ma su san irin ejan da suke hulɗa da shi.

Mai gadin ne ya ji tausayina, ya zana mini hanya a bayan rasit. Na isa wurin matse takarda kafin magariba. Na nuna wa matar da ke kula da wurin hoton kwalayen a waya, ina ta "lawban, lawban", wato shugaba, ina haɗa hannu. Ta kai ni bayan wani tsibi. Shida na nan da sunana a jiki. Uku sun riga sun shiga inji, an ɗaure su da waya tare da kwalayen taliya. Na ga gefen gafaka ja ya leƙo daga cikin ɗaurin. Na ja, na ja, fatar ce kawai ta biyo hannuna. A nan na zauna a ƙasa da mayafina na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Shidan nan a jirgin sama na kawo su daga baya, na bar kayan sawata a can. Suna makarantarmu yanzu, kuma matan da aka ce ba za su karanta ba har layi suke yi. Abin da na koya shi ne, kada ka damƙa abu mai daraja a hannun wanda bai taɓa rasa shi ba, ko da ciki ɗaya kuka fito.

Ƙaryar da ƙanina ya ba ni shawara kuwa ban yi ta ba. Da na koma masauki na zazzage kwalayen shida, na haɗa kowane littafi da katinsa, katunan da suka rage babu littafi na ɗaure su da ƙyalle. Washegari da safe na buga wa ƙanina waya na ce ya cire sunana daga cikin kwastomominsa, sannan na ɗauki ƙyallen na tafi gidan tsohon. Na zauna gabansa na ce, "Malam, na kasa riƙe amanarka duka. Ga waɗanda suka salwanta." Ya shafa katunan da yatsa, ya ce ba ya iya ganin rubutun. Na ce ni ina gani. Na ɗauki na farko na fara karanta masa.