Sai An Taru, Motar Kawu Mas'udu

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha biyar ga watan Oktoba na 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, Malam Mas'udu na Kwaya, a asibitin Magariya, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Tsohon malamin gona ne, ƙanin mahaifiyata, mijin Inna Hinda, mahaifin Ali da Ruma'isa. Amma in ka shiga Kwaya ka tambayi gidan malamin gona, sai an tsaya tunani. In ka ce gidan mai Sai An Taru, kowa zai ɗaga hannu ya nuna maka.

Kawu, tun da ka rasu nake sauraron yabon da ake yi maka a zaman makoki. Wani ya ce ba a taɓa ganin fushinka ba. Wannan bawan Allah bai taɓa wucewa ta ƙofar gidanka da safe ba, lokacin da kake murɗa makulli motar tana amsa maka da ƙas, ƙas, kamar mai tauna tsakuwa. Ni na sha gani, na kuma ji sunayen da kake kiran ta da su, waɗanda ba za su shiga takardar ta'aziyya ba.

Tsohuwar mota ce fara mai buɗaɗɗen baya, wadda ka saya da kuɗin sallama bayan ka ajiye aiki. Injinta lafiyayye ne, ba ta tsoron rairayi. Ciwonta ɗaya, demarer, wato ƙarfen nan da ke juya inji idan an murɗa makulli. Nata ya mutu tun tana sabuwar zuwa hannunka, ba ta tashi sai da turi. A ƙasa mai yashi kuwa mutum biyu ba sa tura mota. Daga nan ta samo sunanta.

Yanzu akwai masu cewa da gangan ka bar ta haka don ka tara lada. Ban yarda ba, domin na san wahalar da ka sha wajen neman gyara. Karon farko ka kai ta garejin Tijjani a Magariya, ya kwance, ya ce sharbo ne ya cinye, wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ƙanana da ke cikin demarer. Kai kuma da Faransancinka na lakwal, wato na makaranta, inda sharbo ke nufin gawayi, ka dawo gida ka fassara wa Inna Hinda cewa Tijjani ya ce gawayin motar ya ƙare. Washegari amalanke ta tsaya a ƙofar gareji da buhun gawayi na ƙirya, da saƙon Inna cewa in bai isa ba a aiko. Tijjani ya karɓa, ya ce ba a mayar da hannun kyauta. Har damina ta fita da gawayin Inna ake dafa shayi a garejin. Sharbon da aka sa kuwa bai kai buhun daɗewa ba.

Karo na biyu ka tsallaka iyaka ka sayo demarer na hannu, wanda mai shagon ya rantse maka daga motar wani likita aka ciro shi. Ya yi aiki daga ƙofar shagon har gida, ya kwana, bai farka ba. Ka ce wataƙila likitan ne ya yi masa allurar barci. Da ka tambayi kuɗin sabo, aka ce jika saba'in na sefa ban da ladan aiki. Ka ce a wannan farashin gara ka sayi jaki ka ɗaura mata a gaba. Kowace kaka kana cewa bana za a yi, kowace kaka sai wani abu ya riga demarer zuwa: taki, rufin ɗaki, auren Ruma'isa a Dungas.

Saboda haka ba ka zaɓi lalurar ba. Abin da ka iya shi ne sanin yadda ake zama da ita. Babu tudu ko gangara tsakanin Kwaya da Magariya da ba ka haddace ba. In ka je gaisuwa, ba ka ajiye mota a ƙofar mai gida, sai inda ƙasa ta karkata, ko da za ka ƙarasa da ƙafa. Mutanen da ba su taɓa zama a aji ba sun koyi kalma ɗaya ta Faransanci a bakinka. In an jeru a baya, sai ka leƙo ta taga ka ce, “Deziyem!” wato ka sa giya ta biyu, a danna. Har yau a Kwaya in ana so a ɗaga dami mai nauyi, sai ka ji wani ya ce deziyem.

Ga inda abin ya zama naka. Ba motar haya ba ce, ba ka karɓar kuɗi. Mutanenmu kuwa ka san su: mutum zai ɗora matarsa mai naƙuda a amalanke ya bi rana da ita, da dai ya tsaya a ƙofar wani ya roƙi alfarma. Talauci bai kai kunya kisa ba a ƙasar nan. Sai ka kafa doka: wanda ya tura ya biya. Mai marar lafiya ba ya zuwa roƙo, zuwa yake yi ya ce, “Malam, ko motar na bukatar hannu?” Kai kuma ka ce, “Wallahi kamar ka sani, da ma Magariya nake son zuwa, na rasa masu turi.” Kai ka san ƙarya kake yi, shi ma ya sani, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Ina nan wani hutu lokacin da Iya Ɗela, tsohuwar da ke bayan masallaci, ta zo da jikarta da zazzaɓi ya kayar. Ba ta da namiji a gida, ita kanta da sanda take tafiya. Maza suka jeru, ta ce a dakata mata. Ta lallaɓa ta ɗora tafin hannunta a bayan motar. Da injin ya kama, ka leƙo ka ce, “Iya, ashe ƙarfinki muke jira.” Ta ce, “To da wa ka zata? Waɗannan ragwayen?” Ta shiga gaba ta zauna kamar wadda ta biya kujera biyu.

Ni ma ka kai ni tasha da ita shekarar da zan tafi jami'a a Yamai. Na tura, da sabon takalmina. Ka ce duk digirin da zan ɗebo, in tuna da turi na fara.

Bana wake ya yi kyau, Ali ma ya ƙara da abin da ya samu a aikin tuƙi a Damagaram, aka ba Tijjani kuɗin sabon demarer. Kafin ya iso, ciwo ya kwantar da kai. An ɗaura shi kana gadon asibiti. Ina zaune a gefenka Tijjani ya shigo da murna.

“Malam, ta tashi. Murɗa ɗaya.”

“Ba turi?”

“Ko hura mata iska ba a yi ba.”

Ka yi murmushi, domin shekaru kana jiran wannan labari. Can sai murmushin ya ɗauke, ka dubi rufi ka ce, “To, yanzu da me za su biya?”

Ali ya sunkuyar da kai, don shi ya riga ya yi shirin ɗora ta a layin Damagaram ta riƙa haya, kuma ba na ganin laifinsa. Man mota ba ya zuwa da addu'a, taya ba ta jin godiya. Amma tambayar ta zauna a ɗakin, muka tashi da ita. Motar ta warke, kuma warkewarta na neman rufe wa mutanen Kwaya ƙofar da ciwonta ya buɗe.

Ranar da ka cika, kafin azahar mutanen gari sun iso a kan babura. Aka shimfiɗa ka a bayan motarka, aka lulluɓe. Ali ya zauna a mazauninka ya kai hannu ga makulli. Sai Baba Mahamadu, abokinka na ƙuruciya, wanda ya fi kowa tura motar nan kuma ya fi kowa zaginta, ya riƙe ƙofar.

“Ali, buɗe wuta kawai, kada ka murɗa.”

“Baba, ai an gyara ta.”

“Na ji. Mu ba a gyara mu ba. Sa deziyem.”

Suka jeru, tsofaffi da magidanta, har wasu suka rasa wurin sa hannu suka dafa kafaɗar na gaba. Babu gangara a ƙofar asibitin, Kawu, ka san da haka, shi ya sa ba ka taɓa kashe inji a wurin ba. Amma ban taɓa ganin ta tashi da sauri irin na ranar ba. Ni da Inna Hinda muna tsaye a inuwa. Tun safe ba ta zubar da hawaye ba, sai da ta ji injin ya kama.

Bayan sadakar uku aka zo maganar motar. Inna, tana cikin takaba, ta yi magana daga bayan labule. Ali ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, “Kai, ni ban san mota ba, kowa ya san ni ce mai gawayi. Amma na san demarer na inji ne, turi na mutane ne. Ka yi haya ranakun kasuwa, ka je Guci, ka je inda za ka je, ta ci da kanta. Wanda ciwo ya kawo ƙofar nan kuwa, ya ɗora hannu a bayanta, ya biya.” Ruma'isa ta ce ta bar rabonta a kan haka. Ali ya ce ya ji, ya kuma karɓa.

Kafin in komo Damagaram na ga an gwada. Wani magidanci daga ƙauyen gabas ya zo da ɗan'uwansa da maciji ya sara a gona. Ya tsaya nesa yana murza hula, ya ce, “Ko motar na bukatar hannu?” Ali ya ce, “Kamar ka sani.” Mutumin ya dafa bayanta, Ali ya murɗa makulli, ta tashi. Babu wanda ya yi dariya. Ga amsar tambayarka, Kawu. Da abin da suka saba biya za su biya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hinda, da Ali, da Ruma'isa da mutanen gidanta a Dungas, da mahaifiyata wadda ta rasa ƙaninta na ƙarshe, da Baba Mahamadu, da Tijjani, da dukan jama'ar Kwaya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya albarkaci abin da ya bari.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu Mas'udu, Ya yafe kurakuranka, har da abin da ka faɗa wa motar da safe. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Hannayen da suka taɓa dafa bayan Sai An Taru, Allah Ya sa su zama shaida gare ka ranar da za a taru duka. Ka yi shekaru kana neman gangara domin wasu. Allah Ya sa hanyar da ke gabanka gangara ce har Aljanna. Amin.

Hidaya Alhassan, Damagaram